Lita 25, kilo 23: lissafin man kwakwa kafin a zargi ma'ajiya

 

A wannan fitowa za mu tsaya a kan man kwakwa, saboda tambaya iri ɗaya ta iso mana daga ƙungiya fiye da ɗaya. Man ya fara yawa a hannun mata. Masu gato da cincin suna nemansa, masu haɗa man kitso suna nemansa, masu sabulu kuwa ba a magana. To amma wajen saye ake samun ruɗu. Wannan ɗan kasuwa zai ce miki kuɗin kilo kaza ne, na kusa da shi ya ce kuɗin lita kaza ne, malamar girkin da kike kallo a waya kuma ta ce ki zuba giram 100 ko rabin kofi. Mace ɗaya, awo uku, kuma ba wanda ya gaya mata yadda za ta bi daga wannan zuwa wancan.

Mu fara raba sunaye, don kada a yi ta magana a kan abu biyu. Man da muke nufi shi ne wanda ake tatsa daga farin naman babbar kwakwa, wadda tsofaffi ke kira kwakwar Attagara. Daban yake da manja, daban yake kuma da alayyadi, wanda ake samu daga ƙwallon cikin kwakwar manja. Itacen kwakwa na bakin teku ne, yana son ruwa da laima, shi ya sa abin da ke zuwa mana daga ƙasashen kudu yake fitowa, irin su Gana, Kodibuwa, Togo, Benin da kudancin Nijeriya, wani kuma daga can ƙasashen Asiya. Ya sha hanya kafin ya iso Maraɗi ko Tawa, kuma kowane hannu da ya bi ya ɗora nasa. Abu mai tsada haka ba a auna shi da ido.

Asalin ruɗun daga ruwa ya fito. Lita guda ta ruwa kilo guda take, kusan cif. Ba haɗuwar sa'a ba ce, da gangan aka tsara shi haka: lokacin da Faransa ta kafa wannan awo a shekarar 1795, da nauyin ruwa aka yanke girman giram. Sai kunne ya saba, har muka ɗauka kilo da lita sunan abu ɗaya ne. A ruwa gaskiya ne. A mai kuwa, a'a. Duk macen da ta taɓa ɗora miya ta ga shaidar da idonta, tunda mai kullum a sama yake tasowa, ruwa na ƙasa. Bai taso ba sai don ya fi ruwa rashin nauyi.

Ga lambar da ya kamata kowace mai rubutun ƙungiya ta sa a bangon littafi: lita guda ta narkakken man kwakwa tana da nauyin giram 920, ko ƙasa da haka kaɗan idan ana zafi sosai. Idan aka juya lissafin, kilo guda na man zai cika lita guda har ya yi saura wajen santilita 9, wato kamar babban cokali 6. Wadda ke da waya sai ta buɗe wurin lissafi: daga lita zuwa kilo a ninka da 0,92, daga kilo zuwa lita a raba da 0,92. Wadda ba ta son waƙafi da sifiri ta riƙe wannan a ka: lita 12, kilo 11 ne. Bidon lita 25 kuma kilo 23 ne. Na lita 20 kilo 18 ne da giram 400, na lita 5 kilo 4 da giram 600. Babbar robar ruwan sha ta lita ɗaya da rabi, idan aka cika ta da man, kilo 1 ce da giram 380, ƙaramar ta rabin lita kuma giram 460.

Wata za ta ce, yo giram 80 ɗin me? A tukunyar gida ba komai ba ne, gaskiya. A kasuwancin ƙungiya kuwa, nan ne riba take kwana. Bari mu ɗauki misali da kuɗin da muka ƙaga don lissafi kawai, kowace ta sa kuɗin kasuwarsu a madadinsa. A ce ƙungiya ta ciri jika 50 daga akwati ta sayi bidon lita 25. Kowace lita ta tashi jika 2 ke nan. A taro aka yanke a sayar wa masu gato da masu sabulu a kilo, tunda su da kilo suke aiki, aka sa jika 2 da dala 40 kowane kilo. Mai rubutu ta ninka da 25, ta ce idan man ya ƙare jika 55 za su dawo, ribar jika 5. Kowa ta tafa. Mai ya ƙare, aka zo ƙirga, sai ga jika 50 da dala 120. Riba dala 120 kacal, ba a ma cire kuɗin mota da na leda ko roba ba. Idan aka cire su, uwar kuɗin ma ta taɓu.

Daga nan sai magana ta tashi. "Lita 25 munka saya, ina kilo 2 sunka shiga?" Ido kuma ba ya zuwa ko'ina sai kan wadda aka ajiye bidon a ɗakinta. Ko ba a faɗa a taro ba, za a faɗa a bakin rijiya: ai an ga ƴarta da gashi yana sheƙi, ai ranar suna ƙamshin kwakwa ke tashi daga madafinta. Baiwar Allah ba ta taɓi ko ɗigo ba. Kilo biyun nan tun a kasuwa babu su, ba su taɓa shiga bidon ba balle su fita. Da an san lissafin tun farko, da an gane cewa kuɗin sayen kowane kilo ya kai jika 2 da dala 35, kuma sayar da shi a jika 2 da dala 40 wahalar banza ce.

Abin da ya sa muka ba wannan magana fili mai yawa ke nan. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfin asusu a wuri ɗaya yake: kuɗi a gaban kowa ake ƙirga su, a gaban kowa ake rufe akwati. Amma da ƙungiya ta shiga sayen kaya, sai kuɗin su rikiɗa su zama mai ko hatsi ko sabulu, su koma ɗakin mutum ɗaya, inda ba a ƙirgawa a gaban kowa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ce lissafi ne ya ci kayan. Ƙungiyar da ta jure rashin biyan bashi tana iya watsewa a kan irin wannan, don wadda aka zarga ba ta sake zama da zuciya ɗaya, kuma gobe ba wadda za ta yarda a kai kaya ɗakinta.

Lissafin yana da ɗaya fuskar, ita ma sai an faɗe ta. Idan a kilo aka sayo aka sayar a lita, ƙari ake samu. Bokitin kilo 20 zai ba da lita 21 da wajen santilita 70. Wadda ke awo, idan ta cika robobi 20 ta ga saura a gindin bokiti, tana iya ɗauka albarka ce ta sauka, ko ɗan kasuwa ne ya yi gyara, ta ce wannan ladan wahalarta ne. A'a, Hajiya. Na asusu ne, da kuɗin kowa aka saye shi. Idan ƙungiya ta ga dama ta ba mai awo wani abu don wahalarta, wannan daidai ne, har muna goyon baya, amma a yanke shi a taro a rubuta.

Sai kuma nauyin mazubi. Bido mara komai na lita 25 yakan kai kilo guda ko ya ɗara. Idan aka ɗora cikakken bido a kan ma'auni aka ga kilo 24 da wani abu, kada a yi murna, robar ce ta cike gurbin. A tambayi mai kaya ko da mazubi ya auna. A jikin kayan kanti kuma a duba abin da aka rubuta bayan lambar: kg da g nauyi ne, L da cl da ml cika ce. Roba biyu masu kama ɗaya, ɗaya an rubuta 500 g, ɗaya 500 ml, ba ɗaya suke ba. Mai 500 g ta fi da kusan babban cokali 3. In kuɗinsu ɗaya, ita za a ɗauka.

Mu dawo madafi. Babban cokali na awo, mai cin mililita 15, yana ɗaukar giram 14 na man kwakwa. Ƙaramin, na mililita 5, giram 4 da rabi. Idan aka ce miki giram 100, santilita 11 ake nufi, wato babban cokali 7 da ɗan ɗigo a kai. Giram 250 santilita 27 ne. Rabin kilo kuwa, ki cika robar rabin lita ki ƙara cokali 3. Kofin da masu koyar da girki ke ambata shi ma iri biyu ne: na Amurka wajen mililita 240 yake ci, giram 220 na mai ke nan, wanda ake ƙirgawa da rubu'in lita kuma mililita 250, giram 230. Bambancin cokali guda bai cika ba, kada ya hana ki barci.

Abin da zai iya ɓata miki gato shi ne cokalin gidanki. Ki zazzage kwandon cokula ki jera su, za ki ga da wuya biyu su zo ɗaya. Wani mai zurfi ne, wani shafal kamar ganye. Haka kofin shayi, haka ludayi. Maganin wannan ba tsada: a sayi sabon sirinji na mililita 10 ko 20 a farmasi, wanda bai taɓa shiga jikin kowa ba, a cire allurar. A ja ruwa a riƙa tsiyayawa cikin cokali ko kofin da aka saba aiki da shi har ya cika, a ƙirga mililita nawa ya ci. Ruwa ya isa wannan gwaji, tunda cikar mazubin ake nema. Da kin san kofinki na cin mililita 80, misali, kin san yana ɗaukar giram 74 na mai. Ki ware wannan kofin da wannan cokalin, ki ɗaura musu zare, kada yara su tafi da su wasan ƙasa. Sirinji guda ya ishi ƙungiya duka, a zagaya da shi.

Gwangwanin tumatir da na madara da muke awo da su, lambar da ke jikinsu nauyin tumatir ne ko na madara. Tumatirin gwangwani ya fi ruwa nauyi, mai kuma bai kai ruwa ba, saboda haka idan kika zuba mai a ciki ba za ki sami wannan lambar ba. Shi ma sirinji zai raba gardama.

Man kwakwa yana da wata ɗabi'a da man gujiya ba shi da ita, kuma yanayin ƙasarmu yana fito da ita fili. Da zafi ya sauka ƙasa da digiri 24 ko 25 sai ya daskare ya yi fari. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai da Tawa ke haura digiri 40, ruwa ne tsararo dare da rana. A Disamba da Janairu kuwa, da ɗari ya kama, ki tashi da safe a Damagaram ki tarar ya zama kamar man kaɗe. Bai lalace ba, kuma nauyinsa bai canza ba ko da giram guda. Awon cika ne ke rikicewa. Cokalin daskararren mai, idan aka ɗebo shi da tozo, yana iya kai biyun shafaffe. Idan kuma aka cusa shi a kofi gutsure-gutsure, iska ce ke cike tsakani, kofi ya yi kamar ya cika alhali da saura. Mai gaton da ta saba da awon bazara sai ta ga a lokacin ɗari yau ya yi maiƙo, gobe ya bushe, ta ɗora laifin a kan fulawa. A narkar da man tukuna, sannan a auna. Ba sai an ɗora shi a wuta ba: a tsoma robar cikin ruwan ɗumi, ko a ajiye ta a rana na ɗan lokaci. Masu sayarwa kuma su tuna, kwalba mai ƙaramin baki azaba ce a lokacin ɗari, man ba zai fito ba. A nemi roba mai faɗin baki.

Zafi ma yana da nasa. Mai yana kumbura kaɗan idan ya ɗumama. Tsakanin digiri 25 da 40 bambancin ya kai kashi ɗaya cikin ɗari, a bidon lita 25 wajen rubu'in lita ke nan. Saboda haka kada a cika roba har baki da sanyin safiya a toshe, a bar mata ɗan wuri. Wannan ne kuma dalilin da ya sa, a ganinmu, littafin ƙungiya da kilo ya kamata ya riƙa magana, ko da a lita ake sayarwa. Lita tana motsi da yanayi, kilo yana nan inda aka bar shi.

An tambaye mu ko awo zai tona man da aka gauraya. Ba zai tona ba, domin man girki kusan duk nauyinsu ɗaya: man gujiya ma lita guda tsakanin giram 910 ne da 920. Wannan yana da amfaninsa, tunda masu tuyar ƙuli-ƙuli da ke sayar da man gujiya za su iya aiki da lissafin nan na lita 25, kilo 23, ba tare da sun yi nisa da gaskiya ba. Gwajin da ya fi shi ne na sanyi. A zuba kaɗan a ƙaramin kofi a sa a firigo ko cikin ruwan ƙanƙara. Man kwakwa tsantsa zai daskare gaba ɗaya, fari, da tauri. Idan ya tsaya da laushi ko wani sashe ya ƙi kamawa, akwai alamar tambaya. Sai dai gwajin ba ya kama alayyadi, don shi ma yana daskarewa kusan a daidai wannan sanyi. Ƙamshi ma ba hujja ba ce cikakkiya, tunda wanda aka tace a masana'anta ba shi da ƙamshin kwakwa sosai. Masu zuma kuma kada su ari wannan lissafi, nasu a juye yake: litar zuma ta kai kilo 1 da giram 400.

Ga masu sa man kwakwa a madadin man shanu na kanti, wanda ke zuwa a naɗe cikin takarda, akwai ragi na biyu. Wancan man shanun, kashi 80 da ɗan wani abu ne mai a cikinsa, saura ruwa ne da madara. Man kwakwa kuwa mai ne zalla. In an ce giram 100 na man shanu, giram 80 na man kwakwa ya wadatar, wato babban cokali 6, sai ki ƙara cokali guda na madara ko ruwa a kwaɓin don kada ya bushe. Wadda ta zuba giram 100 cif ta yi asarar mai, cincin ɗinta kuma ya riƙa farfashewa. Soyayyen man shanunmu na gida, wanda aka ƙone ruwansa, shi kusan mai ne zalla, ana musanya shi da man kwakwa nauyi da nauyi.

Ba mu ba da shawarar a cika kasko da shi don tuyar ƙosai ko fanke ba. Wanda ba a tace ba yana fara hayaƙi tun wajen digiri 175, kafin tataccen man gujiya ya nuna alama, ga tsada. Kuma duk da yabon da ake yi masa a waya kamar maganin kowace cuta, fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa irin kitsen nan ne mai daskarewa da likitoci ke cewa a rage, musamman ga mai ciwon zuciya ko hawan jini. A sa shi inda ake son ƙamshinsa, a shinkafa ko gato ko alawa. Girkin yau da kullum, man gujiyar da ƴan uwanmu ke matsewa a nan gida ya ishe mu, kuɗin kuma a hannun mata yake tsayawa.

Masu sabulu, ku naku ya fi na kowa hatsari, don haka ku bar awon roba gaba ɗaya. Sodar sabulu da nauyin mai ake lissafa ta, kuma kowane mai da nasa rabo: kilo guda na man kwakwa yana cin soda wajen giram 185, na man gujiya wajen giram 135. Idan aka zuba lita guda aka sa mata sodar kilo guda, an ba giram 920 abin da aka tanada don giram 1000. Sodar da ta rasa man da za ta ci tana nan cikin sabulun, a hannun mai wanki za ta huce. Ku bi adadin da aka koya muku wajen horo, ku auna mai da soda duka a kan ma'auni mai nuna giram. Ma'aunin rataye na buhun hatsi ba ya ganin giram 80.

Abin da muke roƙo a yi a taro mai zuwa, ga duk ƙungiyar da ke da mai a ajiye ko take shirin saye, bai fi aikin minti 20 ba. A aro ƙaramin ma'auni mai lamba, wajen mai shago ko wajen wata ƴar ƙungiya mai gato. A ɗora robar da ake sayarwa da ita babu komai a ciki, a rubuta nauyinta. A zuba narkakken mai har ma'auni ya nuna ƙarin giram 920, a ja layi a jikin robar da jan farce: nan ne lita. A ci gaba da zubawa har ƙarin ya kai giram 1000, a ja layi na biyu: nan ne kilo. Wannan robar ta zama ta gwaji, a ajiye ta tare da littafi. Ranar da sabon bido ya iso, a auna shi a gaban mutum uku kafin ya shiga ɗakin kowa, mai rubutu ta sa lita da kilo gefe da gefe, da ranar. Idan ya ƙare a sake auna bidon yadda yake, kafin a wanke, don man da ya manne a jiki shi ma ya shiga lissafi. A lokacin ɗari a fara ajiye shi a rana a kife a kan kwano, abin da zai tsiyayo yakan ba mutum mamaki.

Ƙungiyoyin da suka gwada su aiko mana da abin da ma'auninsu ya nuna, da irin robar da watan da aka yi awon, ta hannun wadda ke kawo muku wannan takarda. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko tiya da buhu, don masu sayen hatsi da wake da kaka su ajiye zuwa bazara.